Taraktar Guntuwa

Dogo ya ɗora tafin hannunsa na hagu a jikin injin taraktar, ya lumshe ido, kamar mai duba zazzaɓi a goshin yaro. Dillalin yana tsaye a gefe yana kaɗa makulli a yatsa. Guntuwa, matar Dogo, ta riƙe masa sandarsa tana jira, tana roƙon Allah a zuci ya sa wannan ce ta ƙarshe.

"Sanyi ƙalau, ko Baba?" in ji dillalin. "Ni ba na cikin masu ɗumama inji kafin mai saye ya iso. Hajiya, taɓa da hannunki ki ji."

Ta taɓa, ta ji sanyin ƙarfe. Aka murɗa makulli, injin ya tashi bugu ɗaya, ya ɗan yi tari da baƙin hayaƙi, sannan salansar ta washe. Ta zaro sandar gwada mai ta shafa a yatsa: baƙi ne, amma babu ruwa a ciki. Ta girgiza sitiyari, ba ya lilo. Ta sa aka ɗaga garma sama aka kashe inji, garmar ta tsaya cak, ba ta sulale ƙasa ba. Duk wannan ba a makaranta ta koya ba. Tun tana amarya take zuba wa direban tarakta, wato Dogo, abinci, shi kuwa ba ya iya kai loma baki sai da labarin inji.

Jar tarakta ce ƙarama, da fentinta na asali, tayoyinta da sauran rai. Irinta ake so wa 'yar gonar da bishiyoyi suka cika wa tsakiya.

Dogo ya bubbuga kujerar direba da hannu. Ta gane, ta tattare doguwar rigarta, ta kama sitiyari ta haye. Ta zamo zuwa bakin kujerar, ta miƙe ƙafar hagu iya tsawonta har babban yatsanta ya danna kuloci, ta sa giya. Ta zagaya filin dillalin tsakanin matattun motoci da tulin tayoyi, ta dawo ta tsaya a gaban mijinta tana haki, fuskarta cike da fara'a.

Ya nuna ƙasa da yatsa. "A'a."

Dillalin ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin injin. Har kwali ya ɗauko ya shimfiɗa, aka tsaya ana jira. Ko ɗigo.

"Baba, ba ta yoyo. Wallahi ba ta yoyo."

"A'a," in ji Dogo. Ya karɓi sandarsa ya juya, yana jan ƙafar dama zuwa mota.

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, kalma ɗaya ta rage masa a duniya. Cikin duk kalmomin da ke bakin mutane, sai aka bar masa "a'a", mutumin da a da sai an roƙe shi yake yin shiru. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama tana binsa a baya, in an ba shi biro kuwa abin da yake zanawa ya fi kama da sawun kaza. Likita ya ce hankalinsa garau yake, maganar ce take ɓacewa a hanya. Da "a'a" yake neman ruwa, da ita yake gaida baƙi, da ita yake yabon girki. Guntuwa ta koyi rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Ta wurin tarakta ce kawai ta gagare ta.

Gonar tana bayan gidansu. Gado ce daga mahaifin Dogo, shi da yayansa, wanda ke zaune a birni kuma rabonsa da riƙe fartanya tun yana ɗan makaranta. Muddin Dogo na nomawa yana aika masa da rabonsa, Yaya bai taɓa cewa uffan ba. Yanzu damina biyu ke nan gonar na kwance, ciyawa ta kai ƙugu. Masu babbar taraktar haya sun yi ta yi wa Guntuwa alkawari, amma manyan gonaki suke farawa da su, kafin su waiwayo ta lokacin shuka ya wuce. Ranar da suka zo ma, ƙatuwar ta kasa ratsawa tsakanin lemo da gwaiba, ta karya rassa ta kama gabanta. Ana haka Yaya ya bayyana da wani mutum mai yanka filaye yana sayarwa. Guntuwa ta roƙa har da hawaye, domin gonar ce abincinsu, kuma gindin lemon da ke bakinta shi ne kaɗai wurin da Dogo ke yarda a zaunar da shi. Yaya ya yanke magana: in ruwan bana ya sauka ya tarar da gonar a gyare, ya janye, in ba haka ba, a sayar a raba. Kuɗin sallamar Dogo daga wurin aiki su ne abin da ke hannunta, kuma tarakta ɗaya za su saya. In aka yi kuskure, babu na gyarawa.

Ga shi an shiga watan da zafi ke tsananta, gajimare ya fara leƙowa da yamma, Dogo kuwa sai a'a.

Sun je gidan kaji sun ga wata shuɗiya. Injinta ɗumi kamar an sauke tukunya, Guntuwa da kanta ta ce a'a kafin ya ce. Sun ga wata a bayan wani gareji, an yi mata fenti har kan tayoyi, har kan gidan zanzaro da ke maƙale da lagireto. Wannan ma babu musu. Amma akwai masu kyau, tsakani da Allah akwai masu kyau. Kowacce sai ya taɓa inji, ya saurara, ya gyaɗa kai. Sai ya bubbuga kujera ta hau, ta zagaya, ta dawo. Sai yatsa ya nuna ƙasa. Dillalai sun sha rarrafe saboda yatsan nan. Wani har ya tashi yana kakkaɓe gwiwa ya ce, "Hajiya, in yawon buɗe ido kuka fito, ku faɗa mana mu koma inuwa."

Washegarin ranar da suka ga jar taraktar, Yaya ya zo. Ya tarar da ita a falo tana ɗinki, wanda shi ne sana'arta, ƙafarta tana kai da komo a kan ɗan katakon da ke manne da matakin keken, katakon da taku ya sa ya yi sulɓi. Ta tashi ta gaishe shi ta kawo ruwa. Ya zauna a kujera, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

"Gidan nan naku dai," ya ce yana gyara zama, "komai a ƙasa, sai ka ce ajin yara. Kujera a ƙasa, kanta a ƙasa, maratayin riga ma sai mutum ya sunkuya. Mutum dogo kamar ƙanena, ban san yadda ya rayu a nan ba."

"Haka muka saba, Yaya."

"To, ina labarin tarakta?"

Ta ba shi labari, ba ta ɓoye komai ba. Ya leƙa ta taga, inda ake hango Dogo a gindin lemo yana kallon ciyawa. Sannan ya rage murya.

"Ƙanwata, ke mai hankali ce, amma ba ki san maza ba. Yaron nan tun yana saurayi yake kan tarakta. Kina jin zai so ya zauna a inuwa, mutane na wucewa suna ganin matarsa a kan kujerarsa? Ko sabuwa fil kika kawo, a'a zai ce."

"Haba Yaya. Malam ba haka yake ba."

"Na riga ki saninsa," in ji Yaya, ya kurɓi ruwa.

Ta raka shi ta dawo kan keke, amma ɗinkin ya ƙi tafiya daidai. Maganar ta shige ta, duk yadda ta so ta kore ta.

Bayan 'yan kwanaki aka yi musu kwatancen wani tsoho mai lambu a bakin rafi, wanda 'ya'yansa suka hana shi aiki yana neman sayar da tasa. Guntuwa ta tuƙa tsohuwar motarsu, matashi a bayanta kamar kullum, Dogo a gefe. Tsohon ya fito ya tarye su, ɗan firit da shi. Rabon da ta yi magana da namiji ba ta ɗaga kai ba har ta manta.

Taraktar kuwa, Allah ya sawwaƙe. Ba a iya cewa ga launinta. Fitila ɗaya ta fashe, kujerar an ɗaure mata buhu, gaba ɗayanta a durƙushe take kamar akuyar da ta gaji. Sai da aka murɗa makulli aka sake murɗawa, ta yi tari, ta yi kaki, kafin ta tashi da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. A ƙarƙashinta ƙasa ta yi baƙi da mai, babu buƙatar kwali.

Dogo ya bubbuga kujera.

"Malam, wannan ma sai na hau?"

Ya sake bubbugawa. Ta hau don kada ta kunyata shi a gaban mutane. Ta zauna daram, ta danna kuloci, ta zagaya kwamin albasa ta dawo, ranta a ɓace, tana lissafa abin da za a canza: zoben inji, tayoyin gaba, batir, wa ya san sauran. Ta tsaya tana jiran a'a, karo na farko tana marmarinta.

Shiru. Dogo ya matso, ya shafa murfin injin kamar mai shafa kan ɗan maraƙi. Rabin fuskarsa mai rai ya yi dariya. Ya dube ta, ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa.

Ta yi wa tsohon godiya, ta ce za su yi shawara. Sai da suka hau kwalta sannan abin da ta daɗe tana haɗiyewa ya fashe.

"Malam, tsakaninka da Allah me na yi maka? Mai lafiya ka ce a'a. Mai ƙarfi ka ce a'a. Yau an nuna maka gawa ka rungume ta. So kake in saya ta kwanta a tsakar gida, in yi ta bin makanikai har ruwa ya sauka?"

"A'a."

"Kada ka ce mini a'a! Na gaji da ita. Ina wanke ka, ina ciyar da kai, ina ɗinki har idona ya daina gani, ban taɓa yi maka gori ba. Abu ɗaya na roƙa, ka taimake ni da kunnenka. Yaya ya faɗa mini ban yarda ba. Ashe gaskiya ne. Gara gonar ubanka ta tafi da a ce matar Dogo ce ke tuƙi."

"A'a! A'a, a'a!" Ya daki gwiwarsa. Ya miƙo hannun hagu, ya kamo gefen matashin da ke bayanta yana ja.

Ta buge hannun. "Bar ni ina tuƙi, kada ka jefa mu rami."

Ya janye hannun ya ajiye a cinya. Har suka isa gida yana kallon taga. Ita ma ta san ta yi ɓarna, ba ta taɓa buge masa hannu ba tun da suke. Amma haushi ya fi nadama ƙarfi a ranar.

Da safe ta ba shi abinci, ta zaunar da shi a gindin lemo, ta shiga mota ita kaɗai. Dillalin jar tarakta ya hango ta ya leƙa kujerar gefe, da ya ga babu kowa sai fuskarsa ta washe.

"Yau Baba bai samu fitowa ba?"

"Yana hutawa."

"Allah ya ƙara sauƙi. Hajiya, ba don kina gabana ba, kin fi maza da yawa sanin inji. Wannan ba za ta ba ki kunya ba."

A wannan ma bai yi ƙarya ba. Ta sake taɓa injin, ta sake duba mai, ta biya. Kafin la'asar babbar mota ta sauke jar tarakta a ƙofar gona, da garmarta. Maƙwabta suka fito kallo. Dogo ya daɗe yana dubanta daga inda yake zaune, sannan ya dubi matarsa. Ta ɗauke kai.

Ta kira Yaya ta ce ya zo ya gani da idonsa, ya kuwa zo washegari da hantsi. Ya tsaya kusa da ƙanensa a inuwa, hannu a aljihu. Guntuwa ta haye, ta zamo bakin kujera, ta miƙe ƙafa, ta sa giya, ta sauke garma. Ƙasa ta fara birkicewa a bayanta, baƙa, mai ƙanshi. Daɗi ya kama ta har ta ji kamar ta yi guɗa.

Sai dai gona ba filin dillali ba ce. Filin dillali a shafe yake kamar tsakar ɗaki, gonar da ta kwana biyu a kwance kuwa tudu ne da kwari da tsofaffin kututture a ɓoye cikin ciyawa. Taraktar ta riƙa tsalle, ita kuma tana maƙale a bakin kujera da ƙarfin hannu. A gangaren da ke sauka zuwa rijiya, garma ta kama saiwar bishiya. Taraktar ta yi turjiya, ta fizge, fizgar ta jefa Guntuwa can cikin kujera. Ta kai ƙafa ga kuloci, ta taka iska. Ta kai ɗayar ga birki, nan ma iska. Ta yi ƙoƙarin zamowa gaba, wani rami ya sake mayar da ita baya. Jar taraktar mai lafiyayyen inji ta bi ta kan 'yar gwaibar da Dogo ya dasa, ta nufi rijiya ba tare da gajiya ba.

"A'aaa!"

Ba ta taɓa jin muryarsa haka ba. Ta laluba ta fizgo makashin inji, daidai lokacin da tayar gaba ta daki bakin rijiyar. Siminti ya tsage, wani ɓangare ya rufta ciki, aka ji ƙararsa a ruwa can ƙasa. Injin ya mutu.

Ta sauko. Abin da ta fara gani shi ne kujerar Dogo a kife, shi kuma a ƙasa, ya yi nisa da inuwar, yana jan jiki da gwiwar hannu ɗaya zuwa wurinta, ƙasa a gemunsa. Yaya na binsa yana ƙoƙarin ɗaga shi.

Da aka mayar da shi kujera aka ba shi ruwa, Yaya ya ja ta gefe. Babu gatse a muryarsa.

"Ƙanwata, ya isa haka. Kin yi iya yinki, kowa ya shaida. Da kin faɗa ramin nan, wa zai riƙe shi? Gobe zan zo da mutumin. Taraktar a mayar wa dillali, ko da asara."

Me za ta ce? Ta kashe kuɗin sallamar mijinta, ta karya masa gwaiba, ta fasa rijiya, ta sa shi rarrafe a gaban yayansa. Ta yini ba ta haɗa ido da Dogo ba.

Gari ya waye da nauyi, babu iska, gabas ta yi duhu. Da ta fito daga wanka ba ta gan shi a ɗaki ba, ta ce a ranta ya lallaɓa gindin lemonsa, ya yi masa kallon ƙarshe. Akwai rigar wata mata da ta yi alkawarin gamawa. Ta zauna a gaban keke, ta daidaita yadi a ƙarƙashin allura, ta kai ƙafa.

Ta taka iska.

Jikinta bai manta jiya ba. Ta sunkuya ta leƙa. Matakin keken yana nan, baƙin ƙarfe tsirara, can ƙasa inda sai ta zamo bakin kujera za ta kai. Katakon babu shi. Sai sukurori a zube a kan tabarma, da sukuddireba a gefe.

Ta daɗe a sunkuye. Ita fa a tunaninta da katakon aka ƙera keken. Sai yanzu ta tuna makon da aka kawo shi, tana amarya, tana ɗinki a bakin kujera tana miƙa ƙafa. Dogo ya shigo ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Guntuwa, haka za ki yi ta yi har ki tsufa?" Ya fita ya dawo da zarto. Ta ɗaga kai ta dubi falon. Kujerun da Yaya ke yi wa tsiya, shi ya rage musu ƙafafu. Kantar kwanuka, shi ya sauko da ita. Matashin mota, shi ya sa aka ɗinka ya ɗaura. Ita tun da ta yi wayo take ɗage a gaban kantar shago, take zamowa bakin benci a asibiti, take miƙa wuya a cikin taro, har ta daina ɗaukar hakan a matsayin matsala. Ta duba hayaƙi, ta duba mai, ta duba taya da sitiyari, ba ta taɓa duba ƙafarta ba. Dillalai sun yi ta rarrafe a ƙarƙashin inji, yatsan kuwa ba can yake nunawa ba.

Ta tuna tsohon nan mai lambu, ɗan firit, da yadda ta zauna daram a kan buhunsa. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

Ta fita ko takalmi babu. Dogo yana can bakin rijiya, zaune a ƙasa a gindin taraktar, sandarsa a yashe. Ya ɗora katakon a kan kuloci, ya tokare shi da goshinsa, yana ƙoƙarin zagaya waya da hannu ɗaya, ɗayan bakin wayar a haƙoransa. Katakon ya zame ya faɗo. Ga alama ba faɗuwar farko ba ce, domin goshinsa ya yi ja. Ya lalubo shi ya sake ɗorawa. A kusa da shi akwai filaya, da wani guntun katako mai kauri, ƙafar kujera ce da ya yanke tun shekarun baya, wa ya san inda ya adana ta.

Ta durƙusa ta riƙe katakon da hannu biyu. Bai dube ta ba. Ya zagaya wayar, ya sake zagayawa, ya kama da filaya ya murɗa har ta nutse cikin itacen. Suka zagaya ɗaya gefen, ita tana tallafe da shi, suka ɗaura ƙafar kujerar a kan birki.

"Malam," ta ce, "ai da ka fa—"

Ta haɗiye sauran. Ya ɗago ya dube ta, girarsa mai rai ta ɗaga sama. A da, da ya yi mata tsiyar wannan maganar har sati. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Ka yafe mini. Hannunka da na buge, da abin da na faɗa a mota."

Ya nuna motar da haɓa. Ta je ta kwanto matashin ta kawo. Ya dafa taya ya miƙe, ya bubbuga kujera. Ta hau, ta fara zamowa gaba kamar yadda ta saba, ya sa tafin hannu ya tura gwiwarta baya har bayanta ya jingina da matashin. Sannan ya kama idon sawunta, ya ɗora ƙafar a kan katakon. Sulɓinsa ya dace da tafin ƙafarta, wurin da ta sani. Ya danna. Kuloci ya tafi har ƙasa, gwiwarta ma ba ta gama miƙewa ba. Ya sa ta yi haka a birki. Ya sa ta sake, ta sake, har ta ce, "Malam, hadari fa."

Ta kai shi gindin lemo ta zaunar. Injin ya tashi bugu ɗaya. Ta ja da baya daga bakin rijiyar a hankali, ta hau tudu zuwa kan iyaka, ta sauke garma. Taraktar ta yi tsallenta, Guntuwa tana zaune daram. Garma ta kama wani kututture, ta danna kuloci, komai ya tsaya cak. Ta ɗaga, ta wuce, ta sauke. Gonar tana da faɗi, ciyawa tana da yawa, ko za ta kai rabi kafin ruwa Allah kaɗai ya sani. Iska ta taso mai ƙanshin ƙasa. Can kan hanya ta hango motar Yaya tana rage gudu za ta karyo kwana, da mutum a kujerar gefe.

Ta kai ƙarshen layin farko ke nan ta jiyo shi, sama da ƙarar inji.

"A'a!"

Ya ɗaga sandarsa yana nuna bayanta. Ta waiwaya. Layin ya fara a miƙe, ya lanƙwasa wajen gwaiba, ya sake lanƙwasowa, sai ka ce maciji ne ya bi ta wurin.

"Na gani, Malam!" ta ɗaga murya. "Na gani!"

Ɗigon farko ya faɗo a kan jan murfin injin. Ta danna kuloci har ƙasa, ta ɗaga garma, ta juyo.